Albasar Ado a Bayan Gidanmu na Aziziyya

Har zuwa 'yan shekarun nan akwai wata 'yar ƙasa a bayan gidanmu na unguwar Aziziyya a Makka, taku biyar a tsaye, taku biyu a kwance, tsakanin bangon gidan da katangar maƙwabci. Ita kaɗai ta rage daga tsakar gidan mahaifinmu. Da aka rushe tsohon gidan aka ɗora bene hawa shida don bai wa alhazai haya, magina sun tsallake ta, ko don sun manta, ko don ta yi musu ƙanƙanta. A nan mahaifiyarmu ta taɓa shuka lalle. Ba zan ce wuri ne mai kyau ba. Rana tana leƙa shi da safe zuwa hantsi, sauran yinin inuwar bene ce, kuma in ka ɗaga kai ba abin da za ka gani sai gindin na'urorin sanyaya ɗaki, waɗanda muke kira mukayyif a nan, jere a jikin bango har sama.

Mu biyu muka rage cikin 'ya'yan gidan, ni da yayata. Ta girme ni da shekara tara. Na bar mata kasona na ginin tun ina yawon duniya, na riƙe ɗakuna biyu a hawa na farko, saboda haka maganar ƙarshe a gidan tata ce. Ɗanta na fari ne ke kula da ginin. Ya haura arba'in, ya yi karatun injiniya, yana ɗaure da agogon da ke gaya masa yawan takun da ya yi a yini, kuma ban taɓa ganin ƙasa a farcensa ba.

Shi ya zo da maganar rufe wurin. Ranar Juma'a ce, mun sauko daga masallaci muna cin abinci a falon Yaya. Ya ce zai sa a shimfiɗa tayil, a ɗora ciyawar roba a kai, a ajiye kujeru biyu inda alhazai za su zauna su kira gida.

Duk wanda ya san Aziziyya ta yau ya san ciyawar roba. Tana ƙofar otal, tana rufin gidan shayi, kore shar kamar an zuba fenti. In rana ta take sai ta ɗauki zafin da zai saɓule maka tafin ƙafa, tana warin tayar mota. Na zauna a garuruwa da dama. Na yi shekaru ina yi wa alhazai tafinta, daga baya na shiga fataucin darduma da carbi, wanda ya kai ni Istanbul da Samarƙand da Marsiliya da ƙasar Holan, ban da Kano da Damagaram inda danginmu suke. Na ga talakawan Marsiliya suna shuka na'ana'a a gwangwanin mai a bakin taga. Na ga tsohuwa a Damagaram tana alwala a gindin zogale don ya samu rabonsa. Amma ban ga inda masu hali ke sayen hoton ciyawa su shimfiɗa, su zauna a kai suna jin sun ci gaba, kamar a unguwarmu ba.

Na ce masa ƙasa ce, a bar ta.

Ya ce, “Ya khali, ƙasar me? Shekara nawa ba ta fitar da komai ba sai kyankyasai. Kuliyoyin unguwa ma sun mayar da ita banɗaki.”

Haka yake kirana, da Larabci. Kalmar kawu ta yi masa nauyi a baki tun yana yaro.

Yaya ta ajiye cokali ta dube ni. Har yau Auta take ce mini, duk da furfurar da ta cinye mini gemu.

“Auta, in kana son wurin, nuna mini abin da yake iya yi. In ya fitar da abin da ido zai kalla, a bar shi. In ya kasa, a rufe, in huta da ku biyun.”

Da na so sauƙi da na shuka raihani, wato ɗoɗɗoya, ko lalle. Amma raihani yana ƙofar kowa, kuma na san ɗan Yaya zai ce ai ana samunsa a tukunya, ba sai an ɓata fili ba. Ina son abin da ba wanda ya taɓa gani a layinmu. Kuma gaskiya, akwai wani fure da ya daɗe a raina.

Na fara ganinsa a tuddan bayan Samarƙand, bayan ƙanƙara ta narke. Kara ne guda ɗaya miƙe, ya kai ƙugun mutum, ba reshe, a kansa dunƙule kamar babban lemo, launin shunayya. In ka matso sai ka ga dunƙulen ƙananan furanni ne ba iyaka, kowane kamar tauraro. Direban da ke tare da ni ya murza ganyen ya kai mini hanci, sai na ji albasa. Su albasar dutse suke ce mata, suna haƙo ta su jiƙa ta makonni kafin ta ciwu. Faransawa sun sa ta a dangin tafarnuwa. Mutanen Holan kuwa sun kama ta sun yi mata rajista, kowane iri da sunansa da lambarsa a jikin buhu, gonakinta a jere kamar sojoji a fareti. Turkawa sun fi su sauƙin kai, a kwando suke zuba ta a gefen kasuwa kusa da mai sayar da abincin tsuntsu. Daga can wani tsohon abokin cinikina ya aiko mini da ƙwaya ashirin ta hannun surukinsa da ya zo Umra. Kowace ta kai ƙwan kaza, fara, da ɓawo kamar takarda.

Albasar ado tana da sharaɗi ɗaya da Makka ba za ta iya cikawa ba: sai ta sha sanyi kafin ta yi fure. A ƙasarta watanni take yi a ƙarƙashin ƙanƙara. A nan dole a yaudare ta da firji, mako goma, a cikin jakar takarda, nesa da 'ya'yan itace, don iskar da tuffa ke fitarwa tana kashe furen tun yana ɓoye a cikin ƙwaya. Firjina ƙarami ne, sai na hau wurin Yaya na kwashe mata tuffa daga aljihun ƙasa na ajiye jakata. Ta tsaya a kaina da sandarta.

“Wannan wace irin albasa ce da sai ta shiga i'itikafi?”

“Kwana saba'in ne kawai, Yaya.”

“Saura kaɗan ta kamo mai takaba. Ana cin ta?”

“Ba a ci.”

“Ana magani da ita?”

“A'a.”

“To me take yi?”

“Fure.”

Ta girgiza kai. “Duk yawon nan, harshe biyar a baki, abin da ka kawo wa gidan ubanka ke nan. Albasar da ba ta shiga miya.”

Zolayar Yaya ba ta dame ni ba. Ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba, ta kuma hana jikokinta taɓa jakar har kwanakin suka cika. Ɗanta ne ba ya iya cewa bai sani ba. Duk abin da aka ambata a gabansa, ko ciwon gwiwa ne ko hukuncin gado, sai ya sunkuya kan wayarsa na ɗan lokaci, ya ɗago a matsayin malami.

A farkon abin da muke kira sanyi a nan na fara haƙa. Kwana huɗu na yi, don bayana ba ya ɗaukar fiye da awa ɗaya. Abin da na tarar a ƙarƙashi ya isa ya gaya maka irin mutanen da suka gina Aziziyya: ɓaraguzan bulo, buhun siminti da ya daskare, gutsuren waya, takalmi ƙafa ɗaya, kwalaben roba. Duk abin da suka ƙi ɗauka sun binne shi sun baje ƙasa a kai. Na kwashe na tankaɗe sauran, na haɗa da yashi mai yawa da tsohon takin tumaki da ya bushe ya daina wari. Yashin shi ne muhimmi. Albasar ado tana jure zafi, tana jure sanyi, tana jure yunwa, amma ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi.

Kowace ƙwaya na yi mata rami zurfin tsawonta sau uku, na zuba tafin yashi a ƙasa, na zaunar da ita bakinta mai tsini yana kallon sama, tsakaninta da 'yar'uwarta taƙi ɗaya. Ban jera su a layi ba. Na warwatsa su uku-uku, huɗu-huɗu, yadda na gan su a kan tudu. Ɗan Yaya yana tsaye a bakin ƙofar baya, ya tattare farar rigarsa da hannu ɗaya kada ta taɓa ƙasa, ɗaya hannun riƙe da waya.

“Ya khali, an ce ba ta yi a yankinmu.”

“Wa ya ce?”

“Kowa. Ga shi nan a rubuce.”

“Kowan nan ya taɓa riƙe shebur?”

“Ni dai na faɗa. Kuma an ce a jera su, ya fi tsari.”

Na ba su ruwa sau ɗaya, sosai. Daga nan ba na ƙarawa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe har gaɓa ta biyu.

Goma sha biyu suka tsiro. Takwas ba su ce komai ba, ban kuma zarge su ba. Ganyen ya fito da faɗi, kore mai toka-toka, yana kwanciya a ƙasa kamar maɗaurin fata. Bayan wasu makonni bakwai daga cikinsu suka turo kara daga tsakiya, kowane da ɗan ƙunshi a kai. A daidai wannan lokacin bakin ganyen ya fara yin rawaya yana bushewa. Haka halinta yake a ko'ina. Ganyen ya gama aikinsa, ya miƙa wa kara. Mutanen Holan suna shuka wani abu a gabanta don ya ɓoye wannan munin. Ni ba ni da abin ɓoyewa.

Ɗan Yaya ya ga rawaya, ya ce, “Allah ya ji ƙanta.” Washegari na gan shi yana auna wurin da wayarsa, yana juya ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Juma'ar da ta biyo ya kawo wa mahaifiyarsa samfurin ciyawar roba kala uku ta zaɓa, kore mai duhu, kore mai haske, da wata da aka sa wa ɗan rawaya-rawaya a gindi don ta yi kama da ta gaske. Wato a masana'anta sun san ciyawa mai rai tana da busasshen ganye, har suna ƙera shi. Shi da ya ga na gaske sai ya yi ta'aziyya.

Kwana tara bayan haka ƙunshin farko ya tsage. Cikin mako guda duk bakwai ɗin suka buɗe. Ba su kai tsayin na Samarƙand ba, kuma biyu sun karkata suna neman rana. Amma da hantsi, in haske ya sauko tsakanin bango da katanga, sai ka ga dunƙule bakwai na shunayya tsaye a iska kamar ba abin da ke riƙe da su. Ƙudan zuma suka zo. Ban san daga ina ba, na ɗauka an gama korar su daga unguwar.

Yaya ta sauko da sandarta. Ta fi shekara goma ba ta taka bayan gidan ba. Na kawo mata kujera ta zauna, ta zuba musu ido. Daga baya ta miƙa hannu ta taɓa ɗaya da bayan yatsa.

“To,” ta ce, “ba ta shiga miya, amma ta san abin da take yi.”

Ɗanta ya ce sau ɗaya kowa na iya sa'a. Ta ce, “Shi ke nan. In ta dawo baɗi, kada in ƙara jin maganar tayil.”

Na ɗauka zai ci gaba da adawa, kuma da ya yi hakan da ya fi mini. Sai ga shi da yamma ya shimfiɗa darduma ya kwanta rub da ciki yana ɗaukar hoto daga ƙasa, yadda fure bakwai za su cika ido kamar gona, gindin mukayyif kuma ba zai fito ba. Kafin mako ya zagayo hoton ya hau tallar ginin da yake aika wa masu kawo alhazai, an rubuta a ƙasa da Larabci: gida mai lambu. Ya fara kawo abokansa. Ina ji ta taga yana cewa, “Daga Turkiyya muka kawo ta. Sai an sa ta a firji, ya'ani akwai ilimi a ciki.” Mu, in ji shi. Lokacin da yake ƙin ta ban ji tsoro ba. Da ya fara son ta ne hankalina ya tashi.

Furen ya yi mako uku ya dushe. Kawunan suka bushe suka zama launin ƙasa, ganyen ya ƙarasa mutuwa. Na hana a yanke shi sai da ya zama kamar tsumma, don da shi ƙwayar ke tara abincin baɗi. Daga nan albasar ado barci take yi. A tuddanta rani busasshe ne, ƙasa tana gasuwa wata da watanni ba ɗigon ruwa, ita kuwa tana kwance lafiya. Abin da take so ke nan, kuma shi kaɗai ne abin da Makka take iya ba ta kyauta.

Ina da zaɓi biyu: in haƙo su in adana har lokacin firji, ko in bar su a ƙasa. Na bar su. Dalilina na farko, ba ni da busasshen wuri mai iska da zan ajiye su, don lokacin barin gida ya matso. Na biyu, wanda shi ne na gaskiya, na san in na haƙo su wurin ya zama fanko, kuma fanko a idon ɗan Yaya wurin shimfiɗa tayil ne. Muddin akwai albasa a ciki, maganar mahaifiyarsa tana tsare da wurin.

Wanda bai zauna a Aziziyya ba zai yi mamakin yadda muke barin gidajenmu. In Hajji ya gabato, iyali kan tattara kayansu a ɗaki ɗaya su kulle, a cika sauran ɗakunan da gadajen ƙarfe, su kuma su tafi wurin dangi har alhazai su watse. Haka muka taso muka gani. Ni da Yaya Ɗa'if muke tafiya, gidan 'yarta. Ɗanta ne ke zama, a wani ɗaki a kan rufi, yana kula da ginin. A shekarun nan kuma Hajji a tsakiyar zafi yake faɗowa.

Ranar tafiya na kama hannunsa na kai shi bayan gida. Na ce masa da Hausa kada ya ba wurin nan ruwa, ko ɗigo. Na maimaita da Larabci. Na rubuta a kwali da harsunan biyu, na kafa a sanda.

“Ɗayyib, ya khali, ɗayyib,” ya ce, wato ya ji, idonsa a kan waya.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata in faɗa. Kowane mukayyif yana ɗigar da ruwa ta baya. A Makka ba a barin wannan ruwan ya zuba a banza. Iyayenmu sun sayi ruwa a hannun masu ɗauka a kafaɗa, sun san darajarsa, kuma wannan ya bi jininmu. Za ka ga an sa tiyo daga gindin mukayyif zuwa jarka, ko zuwa gindin duk wani abu mai ganye da ke kusa, dalbejiyar ƙofar gida ko tukunyar raihani. Al'ada ce mai kyau a asalinta. Amma ta zama abin da hannu ke yi ba tare da kai ba. In Bamakke ya ga shuka, tiyo yake nema. Bai taɓa zama inda ruwa ke kashe shuka ba, don haka ba ya yarda akwai irin wannan.

Mun yi mako bakwai a Ɗa'if. Da muka dawo, tun daga matakala na ji wari. Na ajiye jakata na zagaya baya.

Abin da na fara gani shi ne bututu. Fari, sabo, ya sauko daga hawa na shida a miƙe, an ɗaure shi da ƙarfe a kowane hawa, kuma tiyon kowane mukayyif na bangon baya, su goma sha takwas, ya shiga cikinsa. A ƙasa ya lanƙwasa ya bi tsawon wurin shukar, an huda masa ƙananan ramuka daidai wa daida. Tun da ɗan Yaya ya gama karatun injiniya ban ga ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba. Mukayyif goma sha takwas, ɗakuna cike da alhazai, ba a kashewa dare da rana, mako bakwai.

Wurin ya zama taɓo baƙi mai kumfa a gefe. Sauro ya tashi da na matso. Katangar maƙwabci ta jiƙe har gwiwa, fentinta yana ɓarewa. Kwalina yana kwance a cikin caɓi. A tsakiyar taɓon kuma an kafa furannin roba masu launin shunayya, dunƙule-dunƙule, guda goma sha biyar, a jere a layi.

Ɗan Yaya ya fito yana murmushi.

“Ya khali, sannu da hanya. Ka ga tsarin? Ko ɗigo ba ya zuba a banza.”

“Me na ce maka ranar da zan tafi?”

“Ai ba ruwan famfo ba ne. Na mukayyif ne, mai tsabta, ba gishiri. Kuma ba ka ga zafin bana ba, kana Ɗa'if kana shan iska. Haram ne a bar abu mai rai da ƙishi.”

“Waɗannan fa? Su ma ƙishi suke ji?”

Ya dubi furannin roba, ko kunya babu. “Alhazai sun ga hoto, suna tambaya ina lambun. Na ce in an ba ta ruwa sosai wataƙila ta fito da wuri. Kafin nan na sa waɗannan. Wallahi sun ji daɗi, har hoto suka yi ta ɗauka.”

Na naɗe hannun riga na durƙusa na tura hannu cikin taɓon, inda na san na zaunar da uku a kusurwa. Yatsuna suka shige cikin wani abu mai laushi kamar dafaffiyar kabewa. Na ɗago shi, ya narke ta tsakanin yatsuna. Wanda ya taɓa mantawa da buhun albasa a ɗaki mai laima ya san warin. Na bi wurin kaf, taƙi bayan taƙi. Goma sha biyu, ba wadda ta tsira. Ya ja baya yana toshe hanci da gefen ƙyallen da ya yafa a kansa.

“Wataƙila irin ne ba shi da kyau,” ya ce. “An ce na Holan ya fi.”

Da la'asar Yaya ta aiko a kira ni. Matar maƙwabci ta riga ni zuwa, ta yi maganar katanga da sauro cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Na ce wa Yaya a cire bututun, wurin zai bushe cikin mako biyu, zan canja ƙasar, zan sa a aiko da wasu ƙwayoyin. Ta saurare ni har na gama.

“Auta, na ga furen da idona, ban manta ba. Amma kowace shekara za mu bar gidan nan, kuma kowace shekara shi za mu bar wa makulli. Kai za ka canja shi? Ni da na haife shi ban iya ba.”

Na dubi taɓon da ya bushe a farcena.

“A rufe,” ta ce. “Ba na son in mutu ina rigima da maƙwabta a kan albasa.”

Ban ja da ita ba, don gaskiya ta faɗa. Na san shi tun yana cikin zani. Na san kunnensa ba ya riƙe abin da bai fito daga waya ba. Duk da haka na bar masa abu mai rai na hau mota.

Mai aikin tayil da ɗan Yaya ya kawo mutumin arewacin Afghanistan ne, dattijo mai jan gemu, ba ya yawan magana. Yana kwashe taɓon da shebur sai ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauki wani busasshen kan fure da ya maƙale a gindin katanga. Ya juya shi a hannu, ya shinshina ƙasar da ke jikin shebur. Ya dube ni ya faɗi sunanta da Farisanci, albasar dutse. Na amsa masa da ɗan Farisancin da ya rage mini. Fuskarsa ta saki. Ya ce a bayan ƙauyensu tana rufe tudu guda, yara suna fille kawunan suna jifan juna.

Sai ya nuna taɓon. “Wa ya ba ta ruwa da rani?”

Na nuna masa bututun. Ya bi shi da kallo har sama, ya ƙwanƙwasa maɗaurin ƙarfen da yatsa.

“Wanda ya haɗa wannan ya san aiki,” ya ce. “Wanda ya kawo bakinsa nan bai san komai ba.”

“Mutum ɗaya ne.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Allah ya kyauta,” ya ci gaba da kwasa.

Da ya zo zuba siminti sai ya rage murya, ko da yake ba mai jin Farisanci a wurin sai mu biyu. Ya ce in ina so zai bar mini kusurwar da rana ke fara taɓawa, faɗin tayil huɗu, ya yi mata baki da bulo. Ya ce mai gidan ba zai kula ba, in ma ya kula zai ce masa wurin magudana ne. Ƙwaya biyar za su zauna a ciki.

Na dubi kusurwar. Na san abin da zan tarar a cikinta bayan Hajji mai zuwa, da wanda zai biyo bayansa: ɗan tiyo siriri, an ɗaure shi da kyau, an kawo shi da kyakkyawar niyya.

Na ce masa ya rufe duka.

Ɗan Yaya yana cikin motarsa a ƙofar gida, gilashi a rufe, yana magana a waya. Ni na tsaya, don ya kamata wani daga cikin 'ya'yan gidan ya kasance a wurin. Dattijon ya baje simintin, ya ja zare, ya fara daga bakin ƙofa yana ja da baya, yana buga kowane tayil da gindin guduma har ya zauna. Aikinsa mai tsabta ne. Kafin la'asar ya gama.